Fashin baƙi: Oga ya ce a yi kasada, amma in an faɗi wa zai biya?

Me ya sa shugabanni ke ta kiran ma'aikata su kawo sabbin dabaru, su kuwa ma'aikatan sun yi gum? Yanzu da wuya ka je taron bita, na ma'aikatar gwamnati ne ko na banki ko na ƙungiyar agaji, a tashi ba ka ji kalmar "ƙirƙira" sau goma ba. A Oktoban 2022 aka sa hannu a dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha a Najeriya. Tun 2023 ma'aikatun tarayya biyu ne ke ɗauke da kalmar a cikin sunansu, ta sadarwa da ta kimiyya. Amma sai a watse daga bita, kowa ya karɓi alawus ɗinsa, ranar Litinin fayil ya ci gaba da bin hanyar da yake bi tun zamanin En'e.

In ka tambayi shugabannin za su ce maka yaran yanzu ba su da zuciya, ƙarshen wata kawai suke jira. In ka tambayi ma'aikatan, bayan sun waiga sun ga ba kowa, wani labarin za ka ji. Mutane da yawa sun ɗauka shiga kasada a wurin aiki hali ne, wani an haife shi da shi, wani kuma sai an zuga shi da jawabi mai daɗi. Ni a ganina lissafi ne, kuma shugaba ne ke riƙe da alƙaluman.

Kasada dabam, ganganci dabam

A kunnen Bahaushe "kasada" ba kalmar yabo ba ce. Ka ce wane ɗan kasada ne, abin da zai zo wa mutum a rai shi ne ɗan acaɓan da ke kutsawa tsakanin tireloli biyu. Saboda haka in manaja ya tsaya gaban ma'aikata ya ce su yi kasada, shi da su ba lallai abu ɗaya suke nufi ba.

Akwai abubuwa uku da duk kan ƙare da asara, amma ba danginsu ɗaya ba. Sakaci shi ne ka san abin da ya kamata ka yi, ka ƙi yi, kamar mai ba da magani da bai duba katin majinyaci ba. Ganganci shi ne ka shiga abin da in ya ɓaci ba shi da gyara, da dukiyar da ba taka ba, ba tare da mai ita ya sani ba. Na ukun shi ne gwaji: abin da babu wanda ya san amsarsa sai an taɓa, an fara shi ƙarami, an sanar da na gaba, an kuma san iyakar abin da za a iya rasawa. Wannan na ukun ne ake nufi in ana maganar kasada a wurin aiki. Matsalar ita ce a wurare da yawa bulala ɗaya ake yi wa duka ukun.

Ita ma ƙirƙirar an kai ta inda ba ta kai ba, har mutum ya ɗauka sai ya ƙera jirgin sama. Akawun da ya gano cewa sa hannu uku sun isa a takardar da ake yi wa bakwai ya yi ƙirƙira. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, tukunya ya saka cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa daɗewa ba su lalace ba a ƙauyukan da ba lantarki. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tukunya da yashi da ruwa babu baƙo a cikinsu.

Lissafin da ma'aikaci ke yi a zuci

A ce kai ƙaramin jami'i ne a wata ma'aikata, ka ga hanyar da za a rage wa mutane zirga-zirga. Kafin ka buɗe baki za ka tambayi kanka abu biyu: in ya yi kyau me zan samu, in ya ɓaci me zai same ni?

In ya yi kyau, sunan darakta ne zai fito a rahoton shekara. Ƙarin girmanka na nan yadda yake, sai ka cika shekara 3 ko 4 a matakinka ka zauna jarrabawa, daidai da abokin aikinka da bai taɓa kawo shawara ko ɗaya ba. In kuwa ya ɓaci, takardar tuhuma da sunanka za ta fito, ta shiga fayil ɗinka ta zauna har ranar da ka cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutumin da ya yi wannan lissafi ya ja bakinsa ya yi shiru ba rago ba ne, mai hankali ne. Shi ya sa karin maganar da ta fi kowace aiki a ofisoshinmu ita ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A kasuwa ma haka ne, sai dai sunayen sun canja. Yaron shago ya ce, "Alhaji, da za a gwada ɗaukar hoton atamfofin nan a riƙa tura wa mata ta waya." Alhaji ya dube shi ya ce, "Tun kafin a haife ka nake sayar da atamfa." Magana ta mutu. Sauran yaran da ke tsaye sun ji, kuma su ma sun koyi darasi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai hannun tarbiyya a ciki, ba musu. An rene mu a kan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma gyara wa na gaba a gaban mutane rashin kunya ne. Amma masu ɗora laifin duka a kan al'adarmu su ɗan dakata. Kowa ya tuna Nokia mai tocila. A 2007 kamfanin Nokia na ƙasar Finland na riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na kasuwar wayar hannu ta duniya, zuwa 2014 ya sayar wa Microsoft sashen wayoyin. Wasu masu bincike biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun tattauna da manajoji da injiniyoyin kamfanin sama da 70, suka gano cewa matsakaitan manajoji sun san manhajar wayoyinsu ba za ta iya gogayya da iPhone ba, amma tsoron faɗan manya ya sa suke kai labari mai daɗi sama. A Finland fa, inda ma'aikaci ke kiran shugabansa da sunan yanka.

Na Amurka ya fi muni. Daren 27 ga Janairun 1986 injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun ce kada a harba kumbon Challenger washegari, domin sanyi zai hana wasu zobban roba toshe mahaɗar roka yadda ya kamata. Manajojinsu suka keɓe, suka dawo suka ce a harba. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse da mutum 7 a ciki. Roger Boisjoly, injiniyan da ya fi kowa nacewa, ya ba da shaida gaban kwamitin bincike, abokan aiki suka juya masa baya, bai daɗe ba ya bar kamfanin.

Wannan shi ne abin da Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta ci karo da shi a farkon shekarun 1990, tana nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta zaci sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure. Sai alƙaluma suka nuna akasin haka. Da aka bi diddigi, ashe ba kuskuren suka fi yi ba, faɗa suka fi yi, domin ba sa tsoron a ci musu mutunci. A sauran sassan ana yi ana binnewa. Daga nan ta gina abin da za mu iya kira amincin buɗe baki a wurin aiki. Kamfanin Google ma da ya bi rukunonin ma'aikatansa 180 daga 2012, wannan ne ya samu a sahun gaba cikin abubuwan da ke bambanta rukunin da ke abin kirki da wanda ba ya yi.

Abin da malaman fiƙihu suka warware tuntuni

Abin mamaki, tambayar "wa zai biya" ba sabuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya kai babin ciniki ya ji ƙiradi, wanda bankunan Musulunci ke kira mudaraba. Mai dukiya ya ba wani jari ya juya, su raba riba a kan kason da suka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi. In aka yi asara fa? Asarar dukiya ta mai dukiya ce, shi mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Ba a bin sa ko sisi, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa, kamar a ce kada ya bi hanya kaza ya bi, ko kada ya sayar bashi ya sayar. Malamai sun tsananta a nan har suka ce in mai dukiya ya shardanta cewa mai juyawa ne zai lamunci jarin, ƙiradin ya ɓaci.

A duba hikimar. Da an ce duk asara a wuyan mai juyawa take, babu mai hankalin da zai karɓi jarin wani ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro, ya haye koguna, ya ratsa dajin 'yan fashi. Zai zauna a gida ya sayar da abin da ya tabbata. Ƙa'idar ita ce wanda ke cin gajiyar abu shi ke ɗaukar hasararsa. Ta raba gwaji da sakaci da ganganci tun ƙarnoni kafin a buɗe makarantun koyon kasuwanci. Kuma ga hadisin nan sananne na alƙalin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa: in ya dace lada biyu, in ya kuskure lada ɗaya. Kuskuren mai ƙoƙari lada aka ba shi, ba takardar tuhuma ba.

Shugaban da ke cewa ma'aikata su yi kasada alhali in ta ɓaci su za su biya, in ta yi kyau shi zai ci, ƙiradi ɓatacce yake ƙullawa. Ma'aikatan ba su karanta babin ba, amma sun gane.

Inda aka gwada aka gani

Misalin da ya fi gamsar da ni na wata masana'antar motoci ne a Fremont, jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors ya rufe ta a 1982, ana kallon ma'aikatanta a matsayin mafi lalacewa a duk kamfanin: fashin aiki, yajin aiki, shaye-shaye a bakin aiki, motoci cike da aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan. Mutanen nan dai, ginin nan dai. Cikin ɗan lokaci motocinsu suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors.

Cikin abubuwan da Toyota ta kawo akwai wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa mota. A da, dokar ita ce layi ba ya tsayawa ko me ya faru, in ka ɗaura abu a karkace ka bar shi ya wuce. Yanzu duk ma'aikacin da ya ga matsala sai ya ja igiyar, shugaban rukuni ya rugo ya taimaka, in ba a warware ba layin ya tsaya. Tsayar da layi kuɗi ne masu yawa, kuma kamfani ne ya ce ya ɗauka. Ba a yi wa ma'aikatan Fremont wa'azin jarumta ba. An sauya abin da ke biyo bayan buɗe baki ne.

Kamfanin 3M ya bi ta wata hanyar. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce ya bar masu bincikensa su kashe kashi 15 cikin 100 na lokacin aiki a kan abin da ransu ya raya musu. A 1968 Spencer Silver yana neman gam mai ƙarfi sai ya samu mai rauni, wanda ke mannewa a ɓamɓare ba tabo. A wani wurin da an ce ya ɓata kayan aiki. Ya yi shekaru yana yawo da shi a cikin kamfanin ba mai so, har 1974 da wani abokin aikinsa, Art Fry, ya ga zai yi amfani wajen sa alama a littafi. Sai 1980 ƙananan takardun mannawa na Post-it suka bazu a kasuwar Amurka. Shekara 12 ke nan. Shugaban da ke son ganin sakamakon ƙirƙira kafin ƙarshen zango ya riƙe wannan adadi.

A nahiyarmu ga M-Pesa ta Kenya. Nick Hughes, ma'aikaci a kamfanin sadarwa na Vodafone, bai samu kuɗin gwajin daga kasafin kamfaninsa kai tsaye ba, sai da ya nemo tallafin kusan fam miliyan 1 daga hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, kamfanin ya ƙara nasa. Gwajin da aka fara a 2005 don biyan ƙananan basussuka ta waya aka shirya shi. Sai aka ga mutane na amfani da shi suna tura wa junansu kuɗi. Maimakon a ce sun saɓa tsari, aka bi su. A Maris na 2007 Safaricom, kamfanin sadarwar Kenya da Vodafone ke da hannun jari a ciki, ta ƙaddamar da shi a matsayin hanyar aika kuɗi gida.

Kishiyar wannan ita ce Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto, inda wani matashin injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, manya suka ja ƙafa saboda ribarsu a fim ɗin da ake sa wa kyamara a wanke hoto take. Kamfanin ya shigar da takardar karyewa a Janairun 2012.

Masu cewa a yi hattara

Su ma suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Bankin Barings na Ingila ya shekara 233 yana aiki kafin wani ma'aikacinsa ɗaya a Singafo, Nick Leeson, ya durƙusar da shi a 1995 da asarar fam miliyan 827. Aka sayar da bankin a kan fam 1. Sai dai in aka duba, Leeson shi ke ciniki kuma shi ke duba littafin cinikin, manya a Landan na ganin riba a takarda ba su tambayi daga ina take ba. Wannan ba sakin mara ba ne, sakaci ne na shugabanni.

Akwai kuma shugaban da ke ɗora wa ma'aikata buri wanda ba ya cimmuwa, ya ce su nemo dabara, bai damu da wace iri ba. A bankin Wells Fargo na Amurka dabarar da aka nemo ita ce buɗe miliyoyin asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ya kuma bayyana cewa ya kori ma'aikata kusan 5,300, akasarinsu ƙanana. Duk wanda ya san yadda ake tura matasan ma'aikatan banki farautar masu ajiya a nan gida zai ji labarin bai yi masa nisa ba.

Hujja ta uku ta fi kusa da mu. Amazon ta yi asarar dala miliyan 170 a wayarta ta Fire a 2014 ta share ta ci gaba. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa da jarinsa bai wuce naira miliyan 5 ba, gwaji ɗaya in ya yi girma zai iya mayar da shi gida. Jami'in gwamnati kuma kuɗin jama'a ne a hannunsa, akwai dokar sayen kaya, akwai masu binciken kuɗi, akwai EFCC, kuma ba kowace ƙa'ida ce aka kafa don wahalar da mutane ba, wasu don ɓarayi aka yi su. Ko tsarin kashi 15 ɗin nan na 3M, a inda mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, ka ba mutum sa'o'i na kansa ba mamaki ka same shi yana jan Keke Napep, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Duk da haka waɗannan hujjoji girman gwaji suke iyakancewa, ba su haramta shi ba. Jeff Bezos na Amazon ya taɓa raba shawarwari gida biyu a wasiƙarsa ga masu hannun jari: ƙofar da in ka shiga za ka iya fitowa, da wadda in ka shiga ta rufe ke nan. Ta biyun a yi mata dogon nazari, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Amma mafi yawan abin da ƙananan ma'aikata ke son gwadawa irin ta farko ce. Sauya yadda ake jera layi a ɗakin kati na mako biyu. Ba yaro atamfa turmi 10 ya tallata ta WhatsApp. In bai yi ba a koma yadda ake. Abin da ake buƙata daga shugaba shi ne ya faɗi iyakar da bakinsa, "daga nan zuwa nan gwada, in an faɗi ni na faɗi," sannan ranar da gwajin farko ya faɗi, ya tsaya gaban nasa ogan ya ce shi ya ba da izini. Ranar ce ma'aikata ke jira su gani, ba ranar bita ba.

Ina ruwan talaka?

Ruwansa ne tsundum, domin shi ke tsaye a layi. Wanda ya san dalilin da ya sa majinyaci ke kwana biyu kafin ya ga likita ba kwamishina ba ne, mai ba da kati ne. Wanda ya san inda takardun fansho ke maƙalewa masinja ne, shi ke ɗaukarsu daga tebur zuwa tebur. Duk ranar da irin waɗannan suka zaɓi shiru, tsohon da ya zo daga ƙauye ne ke komawa da "ka dawo gobe".

An ga haka ƙarara a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. A kasuwanni, shagunan da suka riga suka saba karɓar kuɗi ta waya ko ta POS suka ci gaba da ciniki, masu cewa "sai na ga kuɗi a hannu" suka wuni suna kallon hanya. A shaguna da dama ba mai shagon ne ya fara kawo wannan ba, yaransa ne, wasu ma da asusunsu na kansu, tun lokacin da Alhaji ke ganin abin wasan yara ne. Yau lambar asusu na manne a bangon kusan kowane shago, har mai shayi da mai rake. Amma har yanzu ba a rasa inda in aka yo alat na bogi kaya suka fita, daga kuɗin yaron da ya karɓa ake cirewa.